Muryar Asger Kafin Ranar Alhamis

Odense, 3 ga Maris

Zuwa ga matata Bodil,

Bayan gaisuwa, da fatan kin isa gidan yayarki lafiya. Tunda kin kashe waya, ni kuma magana zafi take yi mini, na koma takarda.

Da likita ya ce ƙwayar cutar HPV ce ta jawo mini ciwon dajin maƙogwaro, kuma ta saduwa da baki ake ɗaukarta, sai kika ɗauki jaka kika fita. Ba ki ji sauran ba. Ya ce takan kwanta a jiki shekara talatin ko fiye ba ta motsa ba, kuma da wuya a sami baligin da bai taɓa ɗaukarta ba. Tun da muka yi aure ban san wata mace ba.

Alhamis ta sama za a yi tiyatar. Sun ce ba lallai ne muryata ta dawo ba. Ban ji tsoro ba, gaskiya ban ji komai ba. Kullum ina dafa kofi na mutum biyu, in zubar da rabi.

Ki gai da Yaya Ragnhild. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Asger

Bornholm, 6 ga Maris

Asger,

Gaisuwa. Yaya tana amsawa, ko da yake cewa ta yi in bar ka ka ji a jikinka.

Ka san yadda na ji a gaban yaron likitan nan, sa'an ɗanmu, yana yi mana bayanin abin da ke gadonmu? Na so in yi fushi da kai, fushin ya ƙi zuwa. Wuni nake yi ina kallon teku kamar gunki.

Jiya na je wurin likitar garin nan da kaina. Na ce ta gaya mini wa ya kawo ƙwayar gidanmu, ni ko kai. Ta ce babu gwajin da zai nuna. Kafin ni kana da budurwarka Jytte, kafin kai ina da wanda ka sani. A lokacinmu ciki kaɗai muke tsoro, muna ganin baki ne hanyar masu wayo. Wa ya taɓa ce mana a nan ma ana sa kwaroron roba? Ashe gudun gara muka yi, muka faɗa gidan zago.

Na fi son a ce ka ci amanata, tsoho. Da na sami wanda zan tsana. Yanzu kuwa mai yiwuwa ni ce.

Ka ci abinci.

Bodil

Odense, 8 ga Maris

Bodil tawa,

Na gaishe ki. Ban tambayi wa ya kawo ta ba, kuma ba zan tambaya ba. Na kai jikanmu Villads an yi masa rigakafin ƙwayar, ya cika shekara sha biyu. A mota ya ce, “Kaka, muryarka kamar tsohuwar ƙofa.” Na yi dariya har na yi tari.

Akwai maganganun da nake so in faɗa miki da baki tun ina iyawa. In ba za ki zo ba, ki ce, in rubuta su.

Naki kullum,
Asger

Bornholm, 10 ga Maris

Asger,

Gaisuwa. Zan shigo jirgin ruwan Laraba. Kada ka zubar da kofin. Kada kuma ka ɓata muryar nan wajen yi mini bayani. Ka ajiye ta, in na buɗe ƙofa ka kira sunana.

Sai na zo.

Bodil