Zaren da Na Kwance a Laburare

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take, Sufetona wadda ba a ɓoye mata komai,

Ina gaishe ki da zuciyar da ba ta cancanci amsa ba, amma take roƙonta. Yau mako uku ke nan ban sa ki a ido ba. Mako uku! Na kira, ba ki ɗauka ba. Na tsaya a bakin ƙofar asibitinku har mai gadi ya fara yi mini kallon ɓarawon babur. A kan teburin yanka nake rubuto miki wannan, na ture almakashi da alli gefe, ga rigar mutane rabi a bakin keken ɗinki tun safe na kasa kai ta ƙarshe. Shekaranjiya na ɗinka hannun hagu a kafaɗar dama. Yayata ta leƙo shago ta ɗaga rigar, ta dube ni ta ce, "Kai ƙanena, ko dai a kai ka a duba ka ne?" Ina zan je a duba ni, alhali mai maganin ta daina ɗaukar wayata?

Kin tuna ranar da na fara shigowa? Ni ba karatu ya kawo ni ba, awon labule na zo yi. Ina tsaye a kan kujera a ɗakin baya na laburare, tef a wuya, fensir a kunne, sai na ji mutum takwas sun kewaye tebur suna gardama a kan wani da aka kashe. Wallahi na ɗauka da gaske ne! Har na fara tunanin ta inda zan sulale kafin 'yan sanda su iso. Sai ga wata murya, a hankali, kamar ruwan farko a kan kwanon rufi, tana cewa ba zai yiwu mai dafa abinci ta yi kisan ba, don wanda hannunsa ke cikin ƙullu ba ya barin marfin ƙofa da tsabta. Na juyo. Ke ce, da farar rigarki ta ɗakin gwajin jini a ninke a cinya, kina nuna shafi da ɗan yatsa. Taga ɗaya na auna sau huɗu a ranar. Goggo mai kula da laburare ta gaji da ni ta ce, "Tela, ko ka sauko ka zauna, ko ka auna ka tafi, ka tsaya mana a kai kamar fanka." Na sauko. Tun daga ranar ban sake komawa yadda nake ba.

Ni da rabona da littafin labari tun ina aji uku, ku 'yan ƙungiyar karatun nan kuka buɗe mini wata duniya. Jerin littattafan nan shida na tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, mai gano masu kisa ta hanyar lura da abin da kowa ya raina, su suka hana ni sakat. Kuma ƙa'idar Goggo ta fi komai daɗi: ta ɗaure babi uku na ƙarshe da farin zare, kowa ya tafi da kwafinsa ya yi mako yana saƙa da warwara, ranar Asabar kowa ya rubuta wanda yake zargi a 'yar takarda ya jefa a gwangwanin madara, sannan ta sa reza ta yanke zaren mu karanta ƙarshen tare. Babu rantsuwa, babu ɗan sanda a kanmu. Zare ne kawai, da amana.

A littafi na farko na zargi mutumin da ya mutu tun a babi na uku, don na tsallake shafi biyu ban sani ba. Ɗakin ya ɗauki dariya. Malam mai ritaya, dattijon cikinmu, har da buga tebur. Ke ma kin yi, kin rufe baki da hannu, dariyarki mai tsabta ba ta mugunta ba. Amma ni na koma shago kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce a raina, ita tana duban abin da ido ba ya gani a cikin ɗigon jini, ni kuwa ko gawa ban iya ganewa a cikin littafi ba. Da me zan tsaya a gabanta? Me za ta gani a wurin mai tef a wuya?

Shi ya sa na kwance zaren littafi na biyu. Ba zan ce shaiɗan ba ne, hannuna ne. Na karanta ƙarshen a tsaye a bayan labulen gwaji, na mayar da zaren, ranar Asabar na jefa sunan da ya dace. Kika ɗago kika dube ni. Wayyo wannan kallo! Kallon da ya sa na ji tsawona ya ƙaru, na ji kamar busasshiyar gona da hadari ya tsaya a kanta. A ranar kika fara cewa in raka ki bakin titi. A ranar kika tambaye ni yadda na gano, na kuwa zuba miki hujjojin da marubucin ya gama tauna mini, kina gyaɗa kai kina cewa ashe telan nan ba a banza yake shiru ba. Na sake a na uku. Na sake a na huɗu. Wanda ya ɗanɗani wannan kallon, ta yaya zai koma ya zama abin dariya?

Sai ranar littafi na biyar. Kin ɗauki kwafina don ki duba wani shafi kafin mutane su taru, sai na ga yatsanki ya tsaya a kan zaren. Ƙullin Goggo kowa ya san shi, ƙaton dunƙule ne mai jela biyu kamar an ɗaure bakin buhu. Ni kuwa hannuna bai iya mummunan ƙulli ba. Shekara goma sha biyar ina ɓoye ƙarshen zare a cikin ƙyalle, na yi abin da na saba ban ma sani ba: ɗan ƙulli lafiyayye, a kwance, jelar a soke ta ƙarƙashi. Kika juya bakin farar rigarki, inda na gyara miki aljihu, kika haɗa ƙullin ɗinkin da na littafin. Ba ki ɗaga murya ba. Kin ce, "Goggo ba ta iya wannan ba." Kika ajiye littafin a gabana a hankali, kika ɗauki jakarki. Ba ki tona ni a gaban kowa ba, kuma wannan rufin asirin ya fi mari ciwo.

Na san abin da kike tunani, don na san kanki. Kina cewa wanda zai ci amanar zare, a inda babu riba sai yabo, me zai yi idan aka ba shi amanar mutum? Ba ni da amsar da ta fi tambayarki ƙarfi. Ina dai da hawaye, da shago da ya zame mini kurkuku, da kafet ɗin ɗakin baya da nake kallo duk Asabar don na kasa haɗa ido da kowa. Ya farin watana, ya iskar da ke shigowa ta taga idan zafi ya kai maƙura, ki ce mini wawa, ki ce mini maƙaryaci, ki zo shago ki zazzage ni a gaban masu karɓar ɗinki, amma kada ki yi mini shiru! Shirunki yana cin naman jikina. Ashe haka mutum ke ramewa yana ci yana sha?

Asabar da ta wuce na miƙe a gaban ƙungiya na faɗi abin da na yi. Malam mai ritaya ya cire tabarau ya ce shi dama ya yi mamaki. Goggo ta yanke hukunci: a littafi na shida ba ni da takarda a gwangwani, kuma ni zan riƙa shirya kujeru. Na karɓa da hannu biyu. Da ta ce in share laburaren da harshena, da na fara daga bakin ƙofa.

Amma akwai abin da ban faɗa musu ba, don naki ne ke kaɗai, kuma na san zai iya rufe mini ƙofar da nake ƙwanƙwasawa. A littafi na huɗu, ranar Alhamis da muka tsaya a gindin bishiyar bakin asibiti, kin ce mini mai gyaran agogo kike zargi, don duk cikin mutanen gidan shi kaɗai bai taɓa tambayar ƙarfe nawa mamacin ya mutu ba. Idonki na ƙyalli kike faɗa. Ni kuma na riga na karanta, na san shi ne. Na tsaya na dube ki na yi ta kawo miki dalilan ƙarya, har kika yi shakkar kanki, kika rubuta sunan ƙanin mamacin. Da aka juye gwangwani, ni kaɗai na ci. Kika dafa goshi kina cewa kanki ya fara tsufa, ni kuma na yi murmushi na ce miki ba komai, wata rana sai ke. Na so in zama ni kaɗai a idonki, sai na sace miki abin da kika samu da guminki.

Ke ce kika yi daidai, Sufetona. Ke kaɗai a ɗakin nan kika gano shi da kanki, tun kafin a yanke zare. Ba zan iya roƙon ki dawo mini kina ɗauke da shakkar da na dasa miki ba. Idan wannan gaskiyar ce za ta raba mu, na gwammace ki tafi kin san ko ke wace ce, da ki zauna da ni kina ganin na fi ki.

Naki ne ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, yau da gobe da ranar da idona zai daina ganin ramin allura,

Telanki