Aike Ɗaya Ake Yi Wa Kwaji

Ni Rahila, matar marigayi Ezekiya, na rubuta wannan da hannuna a gidanmu na Sabon Layi. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana ba ni wahala, amma hankalina yana nan daidai. Miriyamu, Vandi, Kwaji, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

1. Gonar Muchalla taku ce ku uku. Kada a sayar.

2. Zannuwana na zumuntar mata da littafin waƙoƙina, Miriyamu ta ɗauka.

3. Injin niƙa na Kwaji ne. Na san za ku ce zai bar shi a kunne ya tafi kallon ƙwallo. Ya taɓa yi. Amma a gidan nan shi kaɗai ke jin ƙarar injin ya gane inda ya lalace.

Ku manya kun ga yadda muka yi da autanmu. Ba ya zama a aji, ya zubar da takalmin makaranta ba adadi. Babanku ya yi duka har ya gaji, ni na kai shi wurin addu'a. Sai da ya shekara goma sha huɗu wani likita a Yola ya gaya mana ba taurin kai ba ne, ba aljanu ba, wani abu ne da ake ce wa ADHD, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da muka dawo, babanku ya sa bulalar a murhu. Ni kuma na koyi yi masa aike ɗaya tak. In kalle shi ido da ido, ya maimaita mini, in ya dawo in ba shi na biyu. Da haka ya gama sakandare, ga shi yau shekararsa ashirin da biyu.

4. Vandi, wannan naka ne. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ka amsa gaisuwar ƙanenka, kana cewa ya bar babanku ya mutu. Ka ji gaskiya. Ranar da babanku ya faɗi a tsakar gida, na ruɗe. Na aiki Kwaji ya samo keke napep, ya kira ka, ya biya kemis, ya gaya wa fasto, duk a baki ɗaya. Na ƙarshen ya riƙe. Ya dawo a guje da fasto, babu keke. Shekara bakwai ina kiyaye wannan doka, ni na karya ta. Kunya ta hana ni faɗa a zaman makoki, na bar yaro da nauyin. Ku yafe mini. Ka je masa tun ina da rai.

Kwaji, ɗana, aike ɗaya zan yi maka: ka daina cewa kai ne.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku ci Kirsimeti a gidan nan kowace shekara, kada kujerar kowa ta zauna babu mai ita. Ranar da tawa mutuwar ta zo, Vandi, za ka ruɗe kamar yadda na ruɗe. Ka tsaya, ka kalli ƙanenka, ka ba shi ɗaya.

Mamanku,
Rahila