Hatsin da Baba Ya Kira Matsoraci

Zinder, daren Laraba, watan Mayu

Na kasa cin tuwo don murna. Yau sakamakon ganyen da muka aika awo ya iso labo, ɗakin bincikenmu. Cikin duk hatsin da muka hana wa ruwa, wanda ya fi jurewa shi ne na Goggo Hajara, yayar Baba, ta Garagumsa. Irin nan da Baba ya daina shukawa tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, wai matsoraci ne, rana kaɗan ta taɓa shi sai ya naɗe ganye. Ashe ba tsoro ba ne. Saiwarsa ce ke saurin jin ƙasa ta fara bushewa, ta aika saƙo sama, ƙwayoyin halittar da ke rufe ƙofofin ganye su farka da wuri, ya tattala ruwansa. Madam, shugabar bincikenmu, a tsaye ta karanta takardar sau biyu, ta ce a nemo ƙarin irin.

Sai dai da matsala. Wanda na ɗebo bara ya ƙare a tukwanen gwaji, Goggo kuwa tiya ɗaya ta ce ya rage mata.

Nan take na kira ta a waya. Ta ce, "Ke 'yar nan, da kin ƙara kwana da a kunu za ki same shi. Har na zuba a turmi."

Na roƙe ta ta kwashe. Ta yi dariya, ta ce da sharaɗi: in tsaya gaban ƙanenta in maimaita masa da bakin boko abin da ta shekara ashirin tana faɗa masa.

Gobe motar farko zan shiga zuwa Garagumsa. Baba zai sha bayani har da hotuna.