Zoben ɗinkin Inna

Mashkura,

Kin tahi ɗibar ruwa, mota kuma ba ta jira. Na koma Goronyo, tunda zaman makoki ya ƙare.

Jiya kina wurin baƙi na ɗauko bargon da Inna ta fara haɗawa da tsofaffin zannuwanta, na ce bari in ƙarasa gefe guda. Ban sa zoben fatar da take sa ma yatsa ba. Ban san mi ya hana ni ba. Ninki uku ne, allura ba ta shiga sai da turi. Sai da na ga jini bisa shuɗin zanen nan sannan na san gindin allura ya huda ni. Ban ji komai ba, har yanzu ma. Ki yi haƙuri da tabon, na sa ruwan sanyi, bai fita duka ba.

Ke kar ki yi haka. Zoben na cikin gwangwanin zare. Yatsan tsakiya ake sa shi, ki tura allura da gefen yatsa, ba da kansa ba. Zai dame ki da farko, amma kar ki cire, a haka ake sabawa. In ya yi maki yawa, naɗa ƙyalle ciki.

Kar ki wanke shi. Da sahe na gwada, lotsawar yatsanta na nan. Ya yi mani daidai kamar yatsanta ne nawa, ban iya jure haka ba, shi ya sa na bar maki.

Zinariya