Ba Na Son In Yi wa Marigayi Mijina Girkin Ranar Matattu

Inna Filomena, don Allah ki taimake ni. Saura kwana tara Ranar Matattu, bikinmu na farkon Nuwamba da ake cewa mamata na dawowa gida ziyara, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Shekaruna sittin da ɗaya, ina zaune a wani ƙauye a bakin tafkin Patzcuaro. Mijina ya rasu a watan Fabrairu, bana ce shekararsa ta farko. Kin san yadda ake yi wa sabon mamaci: a kafa masa babban teburi, a lulluɓe da furen rawaya, a kunna kyandir, a buɗe ƙofa dangi da maƙwabta su shigo, a dafa abin da yake so. Shi miyar agwagwa mai barkono yake so, da kwalbar giyar rake a gefe.

Inna, kwalbar nan ce ta cinye mini shekara talatin da huɗu. Ba zan zayyana miki komai ba. Kunnena na hagu dai ba ya ji tun ina da cikin ɗana na biyu. A waje kuwa mutumin kirki ne, shi ke gyara wa kowa kwalekwale kyauta. Ranar da aka binne shi na yi kuka kamar kowa, amma daga ranar na fara barcin da rabona da shi tun ina budurwa. Har ƙiba na yi. Wannan ma da kunya nake faɗa.

Tun da furen nan ya fara shigowa kasuwa komai ya dawo. Jiya ina sayen tumatir ƙamshin furen ya buge ni, ƙirjina ya ɗaure, na bar kwandon a wurin na gudo gida. Abinci ba ya shiga. Motsi kaɗan a ƙofa sai gabana ya faɗi.

'Yata Maricruz tana tahowa daga Chicago da yaranta, har ta sa an wanke babban hotonsa. 'Yar lelensa ce, ta bar gida da wuri, ba ta san rabin abin ba. Ƙanenta Leobardo ya sani, cewa ya yi, "Mama, ko ruwan sanyi kada ki ajiye masa." Yayar mijin nawa kuma, Chayo, ta tsare ni a bakin coci tana cewa, "Au, so kike ƙanena ya zo ya tarar da gida duhu, ya koma da yunwa? Ki ji kunya mana!"

Ni kuwa ina son ranar nan. Shekara ashirin ina yi wa mahaifiyata teburi, ita da jaririyata da ta yi kwana shida a duniya. Ranar ce kaɗai nake jin ban rasa su gaba ɗaya ba. Ban sani ba ko matattu suna zuwa da gaske, amma in suna zuwa, da hannuna zan buɗe masa ƙofa ke nan? Ko dai ni ce muguwa?

Daga Mai Tsoron Nuwamba

'Yar'uwata,

Ke ba muguwa ba ce. Barcin da kika samu ba murnar mutuwarsa ba ce, jikinki ne ya sauke tsoron da ya daɗe yana ɗauke da shi. Abin da ya same ki a kasuwa ma ba taɓin hankali ba ne. Ƙamshi da zagayowar lokaci sukan tono abin da mutum ya zaci ya wuce.

Amma mu yi musu adalci. Chayo ƙanenta ta rasa, Maricruz ubanta, kuma kukansu na gaskiya ne, ko da wanda suka sani ba shi kika zauna da shi ba. Suna da haƙƙin yi masa teburi. Abin da ba su da iko da shi shi ne hannunki da murhunki. An gadar mana da wannan rana ne don mai rai ya sami inda zai ajiye kewarsa. In ta koma tana hana ki ci da barci, to dole a sauya yadda za a yi ta bana.

Ki je wurin Chayo da ƙafarki, ki ce a kafa teburinsa a gidanta. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce jikinki ba zai ɗauka ba. Za ta yi fushi, mutane za su yi surutu na mako guda, sannan su shiga wata sabgar.

Ki kira Maricruz kafin ta hau jirgi, kada ta ji labarin a bakin ƙofa da hoto a hannu. Ki faɗa mata iya abin da bakinki zai iya, kuma kada ki nemi ta daina son ubanta. Leobardo kuwa ki ja masa kunne, kada ya mai da ranar ta tonon asiri a gaban yara.

Sannan ki ga likita a makon nan, ki faɗa masa batun ƙirjin da rashin cin abincin, ki nemi a haɗa ki da mai sauraron irin wannan damuwa. Kada ki jira sai biki ya wuce.

Teburin gidanki ki kafa shi yadda kika saba, ga waɗanda kike kewa. In wata shekara zuciyarki ta ce ki kai masa kyandir ɗaya a kabari, ki kai. In ba ta ce ba, girkin da kika yi masa yana raye ya isa.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ga Nuwamba da kwanciyar hankali.

Taki,
Inna Filomena