Zafin Tsakiyar Rumbu

Malumfashi, 3 ga Nuwamba, 1986

Yaya Enoch,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya karatu a Zariya? Mu lafiya lau, sai dai ni da Baba ba ma magana.

Ruwan ƙarshe ya taɓa masararmu kafin mu zuba ta a rumbu. Yanzu Baba ya dage sai an kwashe an sake shanyawa, wai hankalinsa bai kwanta ba. Aikin banza! Littafin lissafin da ka bari na karance shi, na gane dokar nan sarai: tsakiya ba ta wuce kewayenta, mafi zafi kullum a gefe yake. Na zagaye rumbun ina dafa bango, sanyi ƙalau. Da na yi masa bayani sai ya ce boko ya taɓa mini kai. A gaban ƙanwarmu Liatu fa! Na kulle rumbun, makulli yana aljihuna. Ka rubuto ka gaya masa ni ne da gaskiya.

Ƙaninka,
Bitrus


Zariya, 9 ga Nuwamba

Bitrus,

Na gode da gaisuwa. Ka gaishe mini da Baba da kyau.

Ka karanta daidai, na kuwa ji daɗi. Ni ma a kan dokar nake aiki, a wata irin shimfiɗa ta lissafi da ido ba ya gani, wadda kowane gurbi nata yake da irin karkatarsa, sai mutum ya gwada dokar a kan kowane ɗan faifai da ya iya dacewa a ciki. Amma dokar tana da sharaɗi: kada abin ya zama yana haifar da zafi daga cikinsa. Ɗanyar masara kuwa kanta take dafawa. Nan magana ta juye, tsakiya ce ke fin gefe.

Don Allah ka buɗe yau. Abincin gidan ke nan har damina.

Yayanka,
Enoch


Malumfashi, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta kwana biyu a motar Lawal direba, shi ma zan gamu da shi.

Mun buɗe. Na cusa hannu har kafaɗa, na zare da sauri don zafi. Masarar tsakiya ta yi baƙi, ko kaji sun ƙi ta. Ta gefe lafiya lau, za ta kai mu bazara in an lallaɓa.

Baba kwando kawai ya miƙo mini. Da ma zagina ya yi.

Wannan sharaɗin, a wane shafi suka ɓoye shi?

Ka huta lafiya,
Bitrus