Riƙon Muhsina

Talata, 6 ga Fabrairu, 2024
Yau muka shiga kotu ni da Hamdiyya, uwar 'yata. Tunda ta yi wani auren na ɗauka Muhsina hannuna za ta dawo, har katifa na saya mata. Ashe ba haka shari'a take ba. Alƙali ya ce in uwa ta yi aure, riƙo wajen kakar yarinya ta ɓangaren uwa yake komawa, wato Inna Baturiya a Kiru. Ni in riƙa ɗaukar ta ran Juma'a in mayar ran Lahadi. Ci da sutura da makaranta a wuyana.

Sai na miƙe na ce tsohuwar ta rikice, ko akuya ba za ta iya riƙewa ba balle yarinya 'yar shekara shida. Surukata. Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba. Tana zaune a bayana, tana ji.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Ban je gona ba. Tumatir na son ruwa, na sani.

Litinin, 12 ga Fabrairu
Maganar kaya. Gado da kujeru da kwanuka na Hamdiyya ne, an kwashe. Injin ban ruwa ne rigimar. Na ce nawa ne ni kaɗai. Hamdiyya ta ce da tumakinta aka ciko kuɗin. Alƙali ya tambaye ni ko zan rantse. Na sunkuyar da kai. An ce injin ya zauna a gonata da ke bakin dam ɗin Tiga, in fitar mata da rabonta in na kwashe amfani.

Tumakin ma Inna ce ta ba ta. Wannan ba wanda ya faɗa a kotu, ni dai na sani.

Juma'a, 16 ga Fabrairu
Na je Kiru ɗaukar ta. Na kashe babur a bakin layi, ƙafata ta ƙi shiga zauren. Ina nan tsaye kamar mai jiran bashi, sai ga Inna da kanta riƙe da hannun Muhsina, an yi mata kitso. Na durƙusa.

"Hamidu, ka zo lafiya? Ya ruwa a gona?"

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce yarinyar tana tari, kada in bar ta ta shiga ruwan dam.

Asabar, 17 ga Fabrairu
Muna cin ɗanwake Muhsina ta ce, "Baba, mene ne rikicewa? A layinmu an ce kai ka ce Inna ta yi."
Na ce ta ci abincinta.

Juma'a, 1 ga Maris
Na kai kwandon tumatir da albasa na ajiye a zauren Inna. Ban ce daga wa ba. Wa kuma zai kawo.

Juma'a, 8 ga Maris
Na tarar iska ta kayar da dangar bayan gidan, awakin maƙwabta suna shiga. Ba namiji a gidan, sai na cire riga na shiga gyara. Ba don komai ba, ai 'yata a ciki take kwana.

Muhsina ta ce ana suna a maƙwabta gobe, tana son zuwa. Kwanana ne, amma na bar ta.

Inna ta kawo min tuwo zaure. Na buɗe baki na ce, "Inna, maganar ranar nan..." Ta ce, "Ci tuwonka kada ya huce." Na ci har na suɗe.

Ban ƙarasa dangar ba. Na ce zan dawo ran Talata. Talata ba ta cikin kwanakin da alƙali ya ba ni, amma Inna ta ce Allah Ya kai mu.